Rasuwar Kaka, Wadda Ta San Inda Ruwa Yake Cikin Dutse

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙafafun da suka ƙi zama wuri ɗaya tun ranar Talata, Pyo Man-sik, shugaban masu fasa dutse a aikin huda dutse don hanyar mota a bayan garin Taebaek, yake sanar da rasuwar abokiyar aikinsa, kwamfutar ofishin bakin rami, wadda kowa ya sani da Kaka. Ta rasu tana da shekara tara, da rana tsaka, a gaban jama'a.

Marigayiya ba mai gaggawa ba ce. Da safe sai ta ce "wuuuu", ta yi tari uku, "ƙar, ƙar, ƙar", kuma kafin ta buɗe ido mutum ya sha kofi ya wanke kofin. Pyo bai yarda da ita ba da farko. Shi mutum ne da ya bar makaranta a aji huɗu, ya shiga ramin kwal yana ɗan shekara sha biyar, yanzu ga wannan akwati yana nuna masa dutse kamar ƙwarya a kife: baya akwai, ciki babu. Haka manhajar zanen gini ta ɗauki ƙasa. Duk sanda Injiniya Ham Mi-ryeong ta so ta ratsa rami ta ƙarƙashi, sai Kaka ta tsaga dutsen tun daga ƙoli har ƙasa, kamar an yanka kabewa. Wata uku suka yi suna kokawa da Kaka kafin Injiniya ta cika mata cikin dutsen tam, sannan ta rarake hanyar. A ranar ne Pyo ya ga raminsa kwance a allo, ya jawo kujera.

Abin da za a fi tunawa da ita shi ne tana sauraron tsoho. Dutsen nan cike yake da ramukan kwal da aka haƙa a ɓoye tun zamanin yunwa, ba su a taswirar kowa, kuma duk ruwa ya cika su. Pyo ya yi rarrafe a cikinsu. Kullum lokacin abincin rana sai ya ɗora tsinken cin abincinsa a allo ya ce, "Nan. A'a, sauko kaɗan, Injiniya, ba a sama muka yi wahala ba." Injiniya kuma ta zana ramin da shuɗi. Ramuka bakwai suka fito, mafi girmansu yana kwance kamar mita talatin gaban inda haƙa ta kai yanzu. Zanen da ke babban ofis a Seoul ba shi da shuɗi ko ɗigo, don sun ce tunanin tsoho ba awo ba ne. Ranar Juma'ar nan ce Injiniya ta shirya kai musu na Kaka, ta nemi a huda a gwada kafin a fasa. Kaka kaɗai ke da zanen.

Jinyarta ba ta yi tsawo ba, kuma mai wannan sanarwa ba zai ɓoye hannunsa ba. Ranar Talata aka yi wa dutse gaisuwa kafin a shiga zangon ƙarshe: wainar shinkafa, busasshen kifi ɗaure da farin zare, da giyar shinkafa da ake zuba wa kowane inji a tayoyinsa. Pyo ya ga an girmama motar kwasar duwatsu da ba ta san komai ba, an bar Kaka a ɗaki. Ya ɗauko ta, ya ja mata doguwar waya don ta ga taro da idonta. Ba ta da taya, sai ya zuba mata giyar a kusurwa huɗu. Shi kuwa ba a taɓa saninsa da rowa ba.

Kalamanta na ƙarshe su ne "tsss", sannan "ƙit, ƙit, ƙit".

Injiniya ta ce, "Kawu, me ka yi?" Ya ce girmamawa ce. Tsohon abokinsa No Pil-gu, da suka shiga rami tare tun suna samari, ya leƙo ya ce, "Shekara hamsin dutse ya kasa kashe ka, kai ka kashe akwati da kofi ɗaya, tsohon banza." Mai gyara ya buɗe cikinta ranar Laraba, ya shinshina, ya mayar da murfin.

Ta rasu ta bar allo mai tabon miya, da linzamin kwamfuta da ke tafiya hagu in an ce dama, da injin buga takarda da ba su taɓa jituwa ba. Ta bar Injiniya Ham, wadda har yanzu ba ta amsa gaisuwar Pyo. Ta kuma bar mutum goma sha tara na aikin safe, waɗanda za su tsaya gaban bangon dutsen da za a fasa ranar Litinin. Manajan aikin ya ce ranar fasawa ba ta motsi, wanda ya san da ruwa ya kawo masa a zane, ba a baki ba. Tun daga nan Pyo yake hawa dutsen yana sauka, yana ƙirga taku don ya sake gano inda ramukan suke, kuma kowane hawa lissafinsa yana canjawa da taku uku ko huɗu. Kan mutum ɗaya ba ya isa.

Saboda haka ga tsarin jana'iza. Za a fara zaman makoki ranar Asabar da safe. Ana roƙon duk tsohon da ya taɓa haƙar kwal a dutsen nan, ko da izini ko babu, ya zo, ba mai tambayarsa. Kada a kawo ambulan kuɗin ta'aziyya. Kowa ya zo da sandarsa da abin da ya tuna, za a ba shi turke da jan ƙyalle ya kafa inda ya san rami yake. Injiniya ta ari wata kwamfuta, za ta zauna ta sake zanawa, bisa sharaɗin Pyo ya tsaya taku goma nesa da ita, hannuwansa a baya. Akwai miyar nama mai yaji da shinkafa. Giya kuwa No Pil-gu ne zai riƙe tulun.

Za a kwantar da marigayiya a bakin ramin, a tsakiyar hanyar motar da ke kawo nakiyar fasa dutse, an lulluɓe ta da farin ƙyalle, ga turare yana ci. An tambayi direban motar, ya ce shi bai taɓa tsallake gawa ba, kuma ba zai fara da Kaka ba. Makoki kwana uku ne kamar yadda aka saba. Amma mai makoki tsoho ne, ƙidaya tana rikice masa, kuma ba zai tuna kwana ukun sun cika ba sai ya ga shuɗin rami na bakwai ya koma allo.