Rasuwar Na'urar Dangwala Yatsa ta Kamfanin Man Gyaɗa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannu mai maiƙo, Olivia Timoti ta Barunde ke sanar da rasuwar na'urar dangwala yatsa ta kamfanin man gyaɗa na Alhaji Mudathir da ke hanyar Kwadon. Rai ya yi halinsa ranar Talata da hantsi, babban yatsan Babayo mai suyar gyaɗa yana kanta.

Alhaji ne ya sayo marigayiya bayan wani taron bita, inda aka gaya masa kamfanin zamani ba ya yarda da ido. Ya kafa ta a bakin ƙofa don ta riƙa shaida wanda ya zo aiki, ya ɗauki Olivia, wadda ta koyi kwamfuta a wayar yayanta, ya naɗa ta Shugabar Sashen Fasahar Zamani. Sashen shi ne ita da tsumma ɗaya.

Marigayiya ba ta da son kai. Adda Halimatu, da ke share wurin tun kafin a buɗe, kullum fashi ake rubuta mata saboda lalle. Duk wanda ya zo, magana ɗaya ce: "Filis, tiray agen." In ta ce "Tankiyu", har guɗa ake yi.

Jinyar ta faro ne lokacin da Babayo ya gano in ka tsoma yatsa a mai, nan take take gane ka. Kowa ya bi sahu. Olivia ta goge, ta roƙa, ta goge. Da Suhaibu mai gyara ya kwance ta, ya ce abin da ke cikinta ya isa a toya ƙosai.

Ta rasu ta bar caja, ƙusoshi a bango, da marainiya guda, Olivia, wadda ba ta da wani aiki a kamfanin sai ita. Alhaji ya riga ya yi odar mai duba fuska. An ce wannan ba ta buƙatar gogewa.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a bayan an tashi aiki, a kwabar ofishin Alhaji. Olivia ce za ta ɗauki gawar, ta miƙa makulli. Za a karɓi gaisuwa a gidan mamanta a Barunde daga Litinin. Ba sai an bugo waya ba, kowane lokaci aka zo tana gida.