Ranar Da Na Sa Dattawa Tura Jif

Abin da ba zan taɓa mantawa da shi ba shi ne ranar ɗaurin auren yayana Bello a Kalgo, zamanin da jif mai canja giya da kanta ta fara shigowa Gwandu. Wani maƙwabcinmu ɗan kasuwa ya ara mana tasa. Da ake neman direba na miƙe, na ce ai mota mota ce (a-kori-kura kaɗai na taɓa ja, ita ma buhunan albasa nake kaiwa kasuwa da ita).

Na ɗauki dattawa huɗu, har da Baffa Umaru, wanda ya riƙe mu tun rasuwar mahaifinmu. Shi ne wakilin ango, ya kuma daɗe yana jiran wannan rana.

Muna wuce Kambaza na ji motar tana ɗan fizga duk lokacin da za ta canja giya. Na tsaya na kashe ta, na buɗe gaba, na ƙura wa inji ido kamar na san abin da nake nema. Da na dawo na murɗa makulli, shiru.

"Mi ya hwaru, ɗana?" in ji Baffa.

"Baffa, giya ce ta riƙe. Turi kaɗan take so."

Haka muke ta da a-kori-kura kullum. Dattawa suka naɗe manyan riguna a kafaɗa suka kama turi, ni ina ciki ina jiran ta kama. Suka tura har gumi ya jiƙa rawani, ko tari ba ta yi ba.

Wani tsohon direban tanka da ke wucewa a kan babur ya tsaya ya leƙo.

"Wagga ba a tura ta, samari. Cikin giya ka kashe ta."

Ya tura sandar giya gaba har ƙarshe, ya murɗa makulli, ta tashi lafiya lau.

Muna isa Kalgo muka tarar ana rabon goro. An jira mu har an gaji, wani kawunmu ya karɓi auren. Baffa bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Ya dai goge fuska ya ce, "Allah shi sa albarka, mu ma mun yi namu aiki."

Tun daga ranar, in aka tambayi wanda ya iya abu, sai na duba bayana tukuna ko akwai wani.