Yadda Ake Shirin Kwanan Hamada da Mota Mai Ɗaki

Idan Allah ya buɗa maka har katifa ta fara gundurarka, wannan jagora naka ne. Na yi maka alkawari, muddin ka bi matakan nan sau da ƙafa, kafin sanyin bana ya wuce sunanka zai shiga bakin kowa daga Talata Mafara har Maradun. An gwada su a kan Alhaji Maiwada, mai lodin shanu zuwa kudu, kuma har gobe ana maganarsa.

1. Ka samo dalili

Maiwada a waya ya samo nasa. Ya ga wasu Larabawa a kan tudun yashi, wuta na ci, rago na gasuwa, ga mota mai ɗaki a gefe. Ya ɗaga kai ya dubi falonsa mai tayil, ya ji duk ya raina shi. Kai ma haka za ka yi. Kada ka tsaya tuna cewa kakanka a kwanan daji ya tsufa, babban burinsa ya mutu a ƙarƙashin rufin kwano. Shi dole ce ta sa shi, kai kuwa nishaɗi za ka.

2. Ka sayi motar

Daga Kwatano aka kawo ta Maiwada, da gado a ciki, da murhun gas, da firji, har da banɗaki. Ka ajiye ta a ƙofar gida inda masu zuwa masallaci za su gani. Wanda ya nemi leƙawa ka bar shi, amma ya cire takalmi.

3. Ka ware ɗaki domin kayan tafiya

Tanti, kujerun naɗewa, jarkoki, tukunyar shayi, rigar sanyi 'yar waje, duk suna bukatar wuri. Maiwada ya zuba nasa a shagon ƙofar gida, ya sa kwaɗo.

A nan za a fara jarraba ka. Maiwada yana da ƙanwa, Sa'adiya, uwa ɗaya uba ɗaya. 'Yan bindiga sun tashe su daga ƙauyen mijinta a gefen Gidan Goga, ita da yaranta ƙanana suna kwana a ajin wata firamare da tagoginta ba su da murfi. Ta zo ta durƙusa, suka gaisa, ta tambayi iyali da kasuwa da gajiya, sannan ta sauke murya.

"Yaya, ko shagon ga na ƙohwar gida ka ara muna, kahin sanyi shi wuce. Ƙaramin nan shina tari."

"Sa'adiya, gidan ga cike shike. Ki yi haƙuri, ina nan ina dubawa."

Ka lura da gwaninta, bai yi ƙarya ba, shagon a cike yake. Ita kuwa "ina dubawa" magana ce mai albarka, ko shekara ta yi a ajiye ba ta lalacewa.

4. Ka zaɓi hamadar da ta dace da kai

Ka fara da Agadas, don ita ce mai daɗin faɗa a majalisa. Sannan ka kira direbanka. Na Maiwada, Tasi'u, ya sosa ƙeya ya ce:

"Alhaji, ni hwa ko Maradun ba ni zuwa bayan la'asar, balle Agadas. Mota mai ƙyalli haka cikin daji, ai goron gayyata ne munka raba."

Kada ka yi fushi, ka rage hamadar kaɗan kaɗan har ta zo daidai da tsoronka. Ta Maiwada ta tsaya a rairayin gulbi ta hanyar Bakura, inda tifa ke ɗibar yashi. Yashi dai yashi ne, waya ba ta tambayar sunan gari. Ka dai kiyaye kada gonar albasa ta shigo hoton.

5. Ka yi sallama da dangi

Matafiyi ba ya tashi bai sallami nasa ba, in ka tsallake wannan tsofaffi za su cinye ka ɗanye. Amma ka je a ƙafa. Maiwada son a gani ya sa ya je firamaren da motar. Yara suka kewaye ta suna leƙen gado ta gilashi, mata suka firfito bakin azuzuwa.

Ya shirya amsar maganar shago tun daga gida, sai Sa'adiya ba ta tayar da ita ba. Ta yi masa addu'ar sauka lafiya, ta shiga aji, ta fito da bargo a naɗe.

"Yaya, an ce sanyin hamada ba shi da kyau. Ga wanga ka tai da shi. Biyu munka samu, in mun matsu guda na isar mu."

Guzuri ba a mayar da shi, balle a gaban mutane. Ya karɓa. Kunya ta kama shi sosai, har ya kasa duban yaron da ke tari a bayanta. In haka ta same ka kada ka firgita, ka ɗaga gilashi ka kunna rediyo, kafin a kai kwalta za ta lafa.

6. Ka ɗauki hoto

Don shi aka yi tafiyar. Sanyin safiya a bakin gulbi ya nuna wa Maiwada cewa rigar 'yar waje ado ce kawai, sai ya yafa bargon, ya ba waya baya yana duban nesa da kofin shayi a hannu. Tasi'u ya ɗauka. Aka watsa da rubutu a ƙasa: gaisuwa daga Sahara.

Shawara ta gaskiya guda ɗaya a duk jagoran nan ita ce, ka duba abin da ka yafa. A gadon bayan Maiwada ga tambarin masu rabon agaji ɓaro-ɓaro, wanda duk gari ya san a jikin wa ake ganinsa.

Ranar Talata ya shiga kara, kasuwar shanu, ya tarar kowa na danna waya. Tsohon dillali Malam Zubairu ya miƙo masa hannu a natse.

"Alhaji, sannu da gudun hijira. Ku kuma daga wane gari anka tashe ku?"

Ba wanda ya yi dariya a fili, kuma da an yi da ta fi masa sauƙi.

7. Ka san lokacin sauka

Kafin azahar an kwashe tanti da jarkoki daga shago, an share, an shimfiɗa leda. Aka aika motar ta ɗauko Sa'adiya da yaranta. Maiwada ya tsaya a ƙofar gida inda za a gan shi, yana ba da umarni da ƙarfi. Sa'adiya ta sauko, ta yi godiya, ta sa albarka har ya fara jin ya wanke kansa. Sai ta matso yadda shi kaɗai zai ji.

"Yaya, in ka gama da bargon, ka ba Tasi'u shi maida. Akwai tsohuwar da munka baro cikin ajin, da buhu taka ruhwa."

Gargaɗi

Mai wannan jagora bai san ka ba, bai aike ka ba. Babu ruwansa da mura, ko tayar da ta nutse a yashi, ko ƙanwar da ta yi maka alheri a bainar jama'a. Wanda kuma ya karɓi bargo irin wannan ya iya barci a cikinsa lafiya lau, ciwonsa ya fi ƙarfin rubutu, ya nemi magani a wani wuri.