Siririyar Tayar Shugaba

A duk unguwarmu babu wanda ya san mota kamar Shugaba. Ba ni na faɗa ba, shi ya faɗa. Labule da kafet yake sayarwa a babban shagonsa na bakin titi, amma wannan sana'ar cin abinci ce kawai. Ainihin baiwar da Allah ya yi masa tana cikin garejinsa: wata jar motar tsere mai ƙofa biyu, wadda ya ce injinta yana da ƙarfin doki ɗari biyar. Ya maimaita wannan magana har maƙwabta suka manta sunansa, suka koma ce masa Doki Ɗari Biyar. Shi kuwa ya ɗauka girmamawa ce, yana amsawa da ɗaga hannu.

Ni dai ban taɓa ganin direba mai tausayin dawaki irinsa ba. Shekara huɗu motar tana hannunsa, bai taɓa barin allurar gudu ta wuce arba'in ba. Idan ya fito da ita, mai keke yakan wuce shi, har ya waiwayo ya gaishe shi. Amma ƙara fa, sai wanda ya ji. Kowace safiya sai ya tayar da ita a gareji, ya taka totur sau bakwai, tagogi su yi rawa, jarirai su farka, sannan ya kashe ta ya shiga tsohuwar motar shago ya tafi aiki.

Manyan ayyuka biyu ya yi wa al'umma, kuma ba ya barin a manta ko ɗaya. Na farko shi ne shugabancin Ƙungiyar Masoya Motocin Gudu, mai mutum goma sha biyu. Sau ɗaya a shekara suke jera motocinsu su zaga gari, shugaba a gaba da ƙaramar tuta a goshin motarsa. Akwai doka a kundin ƙungiyar: idan ƙarfe tara na safiyar fitar ta buga shugaba bai iso filin taro da motarsa ba, tuta da kujera sun koma hannun mataimaki. Shi da kansa ya rubuta dokar, lokacin yana mataimaki, don ya san tsohon shugaba mai nauyin barci ne. Yanzu mataimakinsa wani likitan haƙori ne, mai yawan murmushi da ƙarancin magana, wanda Shugaba ba ya iya kallonsa sai hawan jininsa ya motsa.

Aiki na biyu kuwa tudu biyu ne na siminti da ya gina a titinmu, ɗaya dama da ƙofar gidansa, ɗaya hagu. Ya ce don lafiyar yara ne. Mu dai mun lura cewa duk wanda ya rage gudu a kan tudun, dole idonsa ya faɗa cikin garejin da ba a taɓa rufe ƙofarsa da rana. Tudun nan ba ƙarami ba ne. Ya cire wa wani ma'aikacin banki salansar motarsa, ya ɓarar wa mai sayar da ƙwai kaya sau biyu, kuma mun yi ta kai ƙorafi shekara uku a banza. Ranar da aka gama ginin har jawabi ya yi, hannu a ƙugu:

"Jama'a, daga yau babu motar da za ta wuce ƙofar gidan nan ba ta rusuna ba, ko ta wane ne. Ku rubuta ku ajiye."

To, saura kwana biyar fitar bana, sai matarsa ta leƙa gareji ta ga jar mota ta karkata gefe guda, taya ɗaya ta sace. Malamar lissafi ce, ba ta cika ɓata baki ba.

"Baban yara, dokinka ɗaya ya gurɗe," ta ce, ta wuce makaranta.

Ranar Shugaba ko shago bai buɗe ba. Ya sa safar hannunsa ta tuƙi da baƙin tabarau, ya cire tayar, ya jefa a motar shago, ya nufi wurin wani dattijo mai sayar da taya a bayan tasha. Dattijon ya shekara talatin yana wannan aiki, amma Shugaba ya ga ya dace ya fara koya masa. Ya tsaya a tsakiyar rumfar, tsakanin injin iska da bahon ruwan duba faci, ya yi bayanin rabin awa a kan yadda gudu yake cinye roba.

"Ka san mu masu irin wannan mota, kwalta ba ta raga mana. Zafin gudu ne ya ƙona ta. Ba laifinta ba ne, ƙafata ce mai nauyi."

Dattijo ya mirgina tayar, ya sa ɗan yatsa cikin zanenta, ya duba gefenta.

"Yallaɓai, wannan ba gudu ya kashe ta ba, zama ne. Dubi zanenta, sabo fil, ko gashin roba bai gama zuba ba. Tsagewa ta yi don tsufa. Kuma wa yake shafa mata man ƙyalli haka da yawa?"

Akwai direbobi uku a kan benci suna jiran a yi musu iska. Duka ukun suka ga ya dace su sunkuyar da kai su duba takalmansu.

Shugaba ya yi kamar bai ji ba. Ya ce a kawo masa huɗu sababbi, kuma ba irin na kowa ba. Ya zaro wayarsa ya nuna hoton motar likitan haƙori, wanda ya ɗauka a ɓoye. Tayoyinta sirara ne, baƙin roba ɗan kaɗan zagaye da farin wili mai sheƙi, kuma tun watan jiya 'yan ƙungiya suke ta yaba su a gabansa. Abin yana cinsa a rai, har abinci ya daina yi masa daɗi.

"Ka ga wannan? Ina son wadda ta fi ta siranta. Idan akwai wadda ta fi wadda ta fi ta, ita nake so."

Dattijo ya yi ƙoƙari, Allah ya gani. Ya ce a jikin ƙofar direba akwai 'yar takarda da masu ƙera motar suka manna, an rubuta girman tayar da ya dace da ita, kuma yana da irinta. Ya ce wilin likita babba ne, shi ya sa siririyar taya ba ta rage masa tsayi ba. Wilin Shugaba kuwa ƙarami ne, idan aka sa masa siririya, motar za ta sauka ƙasa da kamar yatsa biyu.

Ashe abin da bai kamata ya faɗa ba ke nan. Idon Shugaba ya kawo haske a bayan tabarau.

"Ta sauka ƙasa? Madalla! Malam, motar tsere ai da ƙasa take magana. Takardar jikin ƙofa kuwa don 'yan koyo aka manna ta. Waɗanda suka ƙera motar nan sun taɓa tuƙa ta kamar ni?"

Dattijo ya ce gaskiya ba su taɓa ba.

Daga nan Shugaba ya zo da dabarar da yake ganin ita ce ƙololuwar basirarsa. Ba za a kawo motar rumfa ba. A gida za a sa tayoyin, ƙofar gareji a rufe, don kada labari ya kai kunnen likita, kuma kada ƙwayar yashi ko ɗaya ta taɓa su kafin ranar fita. Haka aka yi. Washegari dattijo ya zo da kayan aikinsa a bayan akori-kura. Da ya hau tudun, jak da sufanu suka yi tsalle suka dawo. Ya sauko, ya tsaya yana kallon tudun, ya tsuguna ya auna shi da tafin hannu. Bayan ya gama ɗaura tayoyin, ya kwanta ya auna tsakanin cikin motar da ƙasa. Ya tashi yana kaɗe riga.

"Yallaɓai, da ka ɗan gwada fita da ita yau."

"In gwada? Ni? Ka taɓa ganin an gwada shugaba?"

Matarsa tana tsaye a bakin ƙofa da tulin takardun jarrabawa a hannu. Ta dubi tafin hannun dattijo, ta dubi tudun, ta gama lissafinta a ka.

"Baban yara, takwas ba ya shiga cikin shida."

"Ki bar lissafi a aji. Wannan harkar injiniyoyi ce."

Ta ce to. Ta tambaye shi tsofaffin tayoyin, ya ce ta yi abin da ta ga dama da su, ba ya son ya sake ganinsu. Kafin yamma ta sa an yanke su, an cika su da ƙasa, ta dasa furanni a gefen katanga. Sun yi kyau ƙwarai.

Ranar Asabar ƙarfe takwas da rabi aka wangale gareji. Shugaba ya fito cikin jar riga mai zif, jar hula, jan takalmi, duk launin motar. Ya goge tutar ƙungiya ya ɗaura a goshinta. Ya taka totur sau goma sha huɗu, ninkin na kullum, don kada wani maƙwabci ya ce bai sani ba. Muka fito kuwa, har da masu buroshi a baki. Gaskiya motar ta yi kyau. Ta kwanta luf, tayoyin sirara kamar zoben roba, suna sheƙi. Ya ɗaga mana safar hannu, ya karya kan mota dama, ya nufi tudunsa da ƙasaita.

Tayoyin gaba suka hau, suka sauka. Sai muka ji ƙurrr, irin ƙarar cokali a gindin tukunya. Motar ta tsaya.

Ya taka totur. Dawaki ɗari biyar suka yi haniniya gaba ɗaya, tayoyin baya suna juyawa a iska, ba abin da suke taɓawa. Ya sa giyar baya, suka juya ta ɗaya gefen. Jar mota ta ɗare kan tudu da cikinta, tana ɗan lilo gaba da baya. Ma'aikacin bankin nan da ya rasa salansa dariya ta ci ƙarfinsa har sai da ya zauna a bakin kwata. Ni ma ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗi har cikin raina.

Shugaba ya sauke gilashi, gumi yana bin tabarau.

"Kada kowa ya damu! Wannan gwajin daidaito ne, duk manyan direbobi suna yi. Amma ku ɗan tura."

Muka ɗan tura, ba da zuciya ɗaya ba. Ba ta motsa ba. Ya kira dattijo a waya, ya ce maza ya zo ya mayar da tsofaffin tayoyin. Matarsa ta nuna masa gefen katanga, inda suke jere da furanni, an ma ba su ruwa da safe. Ya duba agogo. Tara saura minti goma. Ya dubi tudun, ya faɗi abin da muka shekara uku muna jira.

"Wa yake da diga?"

Ashe kowa yana da ita. Ban san unguwarmu tana da diga da guduma haka ba. Mai sayar da ƙwai ma ya zo da tasa a guje. Sai dai Shugaba ba ya aikin wasa, siminti mai kyau ya zuba, har da rodi a ciki. Ƙarfe tara ta buga ko gefe ɗaya ba mu gama fasawa ba.

Tara da kwata muka ji ƙarar injina daga bakin titi. Motoci goma sha ɗaya ne a jere, likitan haƙori a gaba. Suka iso tudun hagu, kowa ya rage gudu ya hau a karkace, ya sauka lafiya, kuma kamar yadda mai ginin ya tsara, dole idon kowa ya faɗa kan jar mota. Likita ya fito da murmushinsa, ya tsuguna ya duba tayoyin.

"Shugaba, sun fi nawa siranta. Na sallama."

Sannan ya kwance tutar a hankali, ya ɗaura a tasa. Suka juya suka tafi ɗaya bayan ɗaya, kowa yana danna hon na ban girma.

Dattijo ya iso da jak wajen ƙarfe goma, ɗauke da tayoyi huɗu irin waɗanda aka rubuta a jikin ƙofa. Tun ranar farko ya ware su. Nan take ya hau aiki. Shugaba, wanda yanzu ya zama tsohon shugaba, yana zaune a kan ɓaraguzan tudunsa, safar hannu a cinya. Matarsa ta kawo masa ruwa mai sanyi, ta dubi motar da hancinta ke duƙe a kwalta.

"Sha, Baban yara. Ai maganarka ba ta faɗi ƙasa ba. Ka ce mu rubuta mu ajiye, ga ta nan ta rusuna."