Gemun Barau a Kan Alƙali

A shekarar da masu kofato suka riƙa ɓata ɗaya bayan ɗaya a Dajin Kwarin Tsamiya, Sarki Zaki ya damu ƙwarai, har ya ƙirƙiro sabuwar ma'aikata. Ya naɗa Kura Ministar Walwalar Masu Kofato. Jakuna, waɗanda su ne talakawan ƙasar, suka kaɗa kunnuwa suka ce Allah Ya taya riƙo.

Ba a yi wata ba Minista ta kira Bunsuru Barau ofis domin tantancewa. Ya tafi, shiru kake ji. Matarsa, Akuya Tasalla, ta maka Minista a kotu. Ita mijinta take so a dawo mata da shi, da warinsa da yawon banzansa duka, don shekararsu tara tare.

Ranar zama Mai Shari'a Dila ya shigo da sabuwar hular gashi irin ta alƙalai, fara sol, tana reto har kafaɗa. Wari ya riga shi isa kujera. Jakuna suka kau da hanci cikin ladabi. Tasalla kuwa sai hawaye, don wannan warin ko a kasuwa ta ji shi ta san mai shi.

Ta miƙe. "Ranka ya daɗe, ina roƙon ka sauka daga shari'ar nan."

Dila ya ce, "Dalili?"

"Gemun mijina ne a kanka. Ga ma ƙarangiyar da na kasa cire masa ranar Laraba, can gefen hagu."

Dila ya sosa gefen hagu. "Baiwar Allah, kyauta ce daga mai girma Minista. Kuma kyauta irin wannan a ka take tsayawa, ba ta gangarowa zuciya."

To, dokar dajin ta ce wanda duk ya nemi a cire alƙali, alƙalin ne zai saurari ƙorafin. Dila kuwa ba ya wasa da doka. Ya sauko ya shiga akwatin shaida, ya yi rantsuwa, ya ruga ya hau kujera.

"Shaida, kana da alaƙa da wadda ake ƙara?"

Ya sauko a guje. "Surukata ce kawai, ranka ya daɗe. Tuwon dare ma ba kullum nake ci a gidanta ba."

Ya sake hawa yana haki. "Kotu ta gamsu. Wannan shaida na san shi tun yana goye, bai taɓa yi mini ƙarya ba. An kori ƙorafi!"

Tasalla ba ta karaya ba, ta nufi fada. A hanya tana ta lallashin zuciyarta: ai gemu aski ne, yana tsirowa. Wataƙila Barau yana nan a ɓoye, kunyar fitowa da haɓa tsirara ta hana shi dawowa.

Sarki ya saurari Waziri ya karanta kokenta, ya yi ruri. "A mulkina? Gwamnatina ba za ta lamunci son zuciya a kotu ba! Daga yau an cire Dila daga wannan shari'a, an mai da shi Alƙalin Alƙalai don ya ji a jikinsa. Shari'ar kuwa ni da kaina zan yi ta, tun da ni ba ruwana da kowa. Matso kusa, 'yata."

Jakuna suka ɓarke da kuka don murna. Tasalla ma daɗi ya kama ta. Ta matso ta durƙusa, ta sunkuyar da kai har goshinta ya taɓa bakin sabon buzun da Sarki ke zaune a kai. Baƙi ne, da farin tabo a kafaɗar dama, daidai inda takan ɗora kanta a jikin Barau in ta gaji.

Sarki ya gyara zama a kai. "Faɗi abin da kika zo nema, kada ki ji tsoro."

Tasalla ba ta ɗago ba. Jakunan sahun gaba suka leƙo su ga abin da take kallo, kunnuwansu suka daina kaɗawa.