Rasuwar 'Yar Jamus, Motar Wahabu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Wahabu Sidiku, mai cinikin albasa a kasuwar Bawku, yana sanar da 'yan'uwa na Bawku da Yendi da Salaga rasuwar motarsa, wadda duk zango ya sani da 'Yar Jamus. Ta cika ranar Talata da hantsi a garejin bayan tasha, bayan gajeruwar jinya.

Marigayiya ta zo ƙasar nan da shekarunta, amma ba wanda ya taɓa ganin ana tura ta. Murɗa makulli ɗaya take tashi, ta ce "hirrr" a hankali kamar mage ta ƙoshi. In an bar ƙofa a buɗe, sai ta yi ta "ɗin-ɗin-ɗin" har mutum ya ji kunya ya rufe.

Ba don albasa Wahabu ya saye ta ba. Mahaifiyarsa, Mma Damata, ta baro Salaga da zane ɗaya a shekarar faɗan ƙabilanci, ta bar kabarin mijinta can. Yanzu ƙafa ta ƙi, bayanta ba zai jure jijjigar babbar mota ba, kuma kullum maganarta ɗaya ce, a kai ta gida ta yi masa addu'a kafin nata ajalin ya zo. Wahabu ya yi mata alkawarin bayan Sallah.

To, tsohuwa ba ta zuwa garinsu hannu rabbana. Ta tara buhun gero da tabarmi da kwanukan tsaraba, dole aka kai marigayiya wurin mai walda ya ɗora mata kariya ta ɗaukar kaya a kai. Aka yi walda batir na haɗe, yadda ake yi wa kowace mota tun da mota ta shigo garin nan. Ashe ita tana da ƙwaƙwalwa, wani ɗan akwati a ɓoye wanda ke ba inji umarni. Wutar walda ta bi waya ta same shi.

Makanikan gari suka gaji da neman kafireta a motar da ba ta da shi. Sai aka ɗauko Mashud daga Tamale, mai na'urar da ke magana da ƙwaƙwalwar mota. Ya durƙusa, ya lalubo soket a ƙarƙashin sitiyari, ya jona, ya murɗa makulli. Na'ura ta yi sallama, ba a amsa ba. Ya duba fis, ya hure bakin soket, ya sake jonawa. Shiru.

"Masta, ka yi haƙuri," in ji Mashud. "Mota nan ya tafi, kan shi ya ƙone. Ko Kumasi ba ka samu irin shi."

Wahabu ya zauna a ƙasa. Tsoro ne ya kama shi, ba na ƙarfen ba, na komawa gida.

Marigayiya ta bar tayoyi huɗu da safaya, jak ɗaya, kaset na wa'azi maƙale a rediyo, da sabuwar kariya wadda ko tabarma ba ta ɗauka ba.

Za a tura gawar zuwa gindin darbejiyar gareji ranar Juma'a bayan masallaci, a ɗora ta kan bulo, a rufe ta da tamfol. Ana roƙon masu ta'aziyya, don girman Allah, su tsaya a gareji, kada kowa ya biyo gida. Mma Damata ba ta sani ba. Ta riga ta ɗaure kayanta, tana zaune bakin ƙofa.