Gwaggo Ta Tafi, An Koma Rataya Leda

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da takaicin da ya ƙi haɗiyuwa, ƙaramar likitar sashen gaggawa tana sanar da 'yan uwa da abokan aiki mutuwar na'urar sikanin ta sashen, wadda kowa ya sani da Gwaggo. Ta cika da hantsi a kusurwarta ta kusa da famfon wanke hannu, bayan doguwar jinyar da kowa ya gani amma babu wanda ya zo dubiya.

An sa mata Gwaggo ne saboda ta kwana biyu a duniya, kuma ba ta iya rufe gaskiya don a ji daɗi ba. In an kawo mutum jiki ya saki, jini ya yi ƙasa, ita ke faɗin ko ruwa jikinsa yake nema, ko kuwa ruwan ne ya yi masa yawa. Likita takan shafa mai a ƙasan ƙirji, ta ɗora kan na'urar, sai babbar jijiyar da ke mai da jini zuciya ta fito a allo. In tana lotsawa duk sanda mutum ya ja numfashi, a ƙara masa ruwa. In ta kumbura ta tsaya ƙyam kamar tiyo a bakin famfo, to kada wanda ya kuskura.

Wannan halin ne ya jawo mata baƙin jini. A sashen nan, in ba a ga ledar ƙarin ruwa tana lilo a kan mara lafiya ba, dangi sai su ce ba a duba shi ba. Shugaban sashe kuwa, wanda ake kira Oga, ya fi kowa son a gode masa. Shi awonsa ya tsunkuli fatar hannu, ya leƙa harshe, ya ce a sa leda biyu. Yakan ce tun kafin a ƙera Gwaggo yake aikin likita, kuma gaskiyarsa ne, don tun lokacin bai ƙara koyon komai ba.

Cikin waɗanda marigayiyar ta yi wa rana akwai Baba Tela, tsoho mai raunin zuciya, wanda ciwo kan kawo shi lokaci lokaci yana haki. A ido sai ka rantse ya bushe. Duk zuwan da suka yi, 'yarsa takan tare likita a bakin labule.

"Likita, don Allah ko leda ɗaya ba za a sa masa ba? Dubi leɓensa fa."

Likita ba ta jayayya da ita. Takan juyo mata da allon, ta nuna mata jijiyar a cike fal, da fararen layukan da ke nuna ruwa ya fara taruwa a huhu. Sai a ba tsohon allurar rage ruwa, ya koma gida da ƙafarsa. Da ya ji sauƙi, ya ɗinko wa Gwaggo riga da ragowar yadin labule, har da aljihun saka kwalbar mai. Da ya kawo ya ce, "A riƙa rufe ta. Ita kaɗai ke hana a nutsar da ni a gidan nan."

Ciwon ajalinta ya fara ne da ɗingishi, taya ɗaya ta karye. Batir ya daina riƙe caji. Gado ya taka wayarta, aka naɗe da filasta. In an kunna ta sai ta yi gurnani, hummm, ta yi ƙit ƙit, sannan allon ya buɗe, amma ko sau ɗaya ba ta taɓa ƙarya ba. Likita ta yi ta safa da marwa zuwa ofishin manaja, shi kuma kullum amsarsa ana kan dubawa. A cikin wannan dubawar aka sake fentin ƙofar asibiti, aka sa wa ofishinsa sabon labule.

Ƙarshe dai Oga ne ya sallame ta. Tun da aka yi mata riga ya ga ta yi kama da tebur, nan yake ajiye kofin shayinsa in zai yi wa ɗalibai jawabi. Ranar yana tsakiyar labarin zamaninsu, hannu ya kwashe kofin. Gwaggo ta yi tsiii sau ɗaya, allon ya yi baƙi. Abin da Oga ya fara tambaya shi ne ko akwai sauran shayi a fulas.

Ta rasu ta bar rabin kwalbar mai, da wayar caji, da ɗaliban da suka fara gane jijiya a allonta, yanzu sun koma tsunkulin fata. Ta bar ƙanwa guda a ɗakin haihuwa, sabuwa fil, a kulle, makullin yana jakar wata da ta tafi hutu.

Washegari aka shigo da Baba Tela, jiki ya saki, leɓe a bushe. Oga ya tsunkula, ya leƙa harshe, ya ce a rataya.

Likita ta ce, "Oga, zuciyarsa ce. Na san shi. Ruwa ya yi masa yawa."

Ya ce, "To, nuna min."

Ta waiwaya kusurwar famfo. Ba ta da abin nunawa. Aka tura ta ɗinke wani da gilashi ya yanka, kafin ta dawo leda ta biyu ta yi rabi. Ta rufe ledar da hannunta, ta yi duk abin da ta sani, amma huhu ya riga ya cika. Abin da ya fi ci mata rai har yanzu shi ne muryar 'yar Baba Tela a bayan labule, lokacin da aka rataya ledar farko, tana cewa, "Allah ya saka da alheri, Oga. Yau dai an duba shi."

Za a kai Gwaggo makwancinta a ɗakin tarkace na bayan wurin wanki, kusa da gadajen da su ma aka ce ana kan dubawa. Za a lulluɓe ta da rigarta, an wanke amma tabon shayin bai fita ba. Manaja ya aiko cewa zai halarta in akwai mai ɗaukar hoto. Oga zai yi jawabi, ana roƙon a karɓe kofin daga hannunsa tukuna.

Da safe aka so a yi, amma an ɗaga zuwa yamma. Likita ce za ta tura Gwaggo da kanta, kuma sai ta dawo daga jana'izar Baba Tela. Allah ya jiƙansa.